Babban turbo ba shi ne ƙarfin mota ba

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a garejojin Kaduna, daga Panteka zuwa Kakuri, har wuraren gyaran manyan motoci na Maraban Jos. Da zarar mota ta rage ja, sai a ce turbonta, wato na'urar da ke hura wa inji iska, ya yi mata ƙanƙanta, a nemo babba a ɗora. Wani lokaci ma mai motar ne ke zuwa da buƙatar tun daga gida, don ya ji an ce wane ya sa babba kuma motarsa ta zama aljana a titin Abuja. Wannan magana tana cin kuɗin mutane, tana kashe injuna kafin lokacinsu, kuma abin zai ƙaru, domin motocin da ke shigo mana yanzu da yawansu ƙananan injuna ne da aka ɗora wa na'urar hura iska. Matsayina a fili yake: a irin tuƙin da muke yi a garin nan, ƙarfin da mota ke bayarwa lokacin da inji ke juyawa a hankali shi ne abin nema, kuma na'ura madaidaiciya ko ma ƙarama ce ke ba da shi. Babba takan ƙwace shi.

Duk mai shakka ya zuba ido kan allurar da ke nuna juyin inji, ya taso daga Kawo da yamma, ya biyo Ahmadu Bello Way, ya ƙetare gadar Kogin Kaduna, ya nufi Command Junction. Zai ga allurar tana kai da kawowa tsakanin juyi 1,000 da 2,500 a minti. A tsaya, a tashi, a ba mai Keke hanya, a rage gudu saboda rami, a sake tashi. Ga mota cike da iyali ko buhuna, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne tana cin nata rabon. Ita kuwa lambar ƙarfin doki da dillali ke alfahari da ita, a motar fetur ana samunta ne can wajen juyi 6,000, inda inji ke kururuwa. Direban kirki zai iya shekara bai kai allura nan ba. Ke nan muna ciniki a kan ƙarfin da ba mu taɓawa, mun bar tambayar wanda muke aiki da shi kullum, wato ƙarfin murɗa tayoyi daga tsaye, wanda ake aunawa da Nm.

Inji iska yake ci fiye da mai. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai sai ya samu kusan kilo 14.7 na iska. Zuba mai abu ne mai sauƙi, shigar da iska shi ne aikin. Injin da ba shi da mataimaki yana zuƙar iya abin da fistin ya jawo masa, shi ke nan. Na'urar hura iska kuwa aikin zugazugin maƙeri take yi: ta tura iska da ƙarfi, a ƙara mai daidai da ita, wuta ta ƙaru. Asalinta ma daga can ne, domin 'yan'uwan nan biyu Philander da Francis Roots na jihar Indiana a Amurka, da suka yi rajistar tasu a 1860, hura wutar narkar da ƙarfe aka fi yi da ita kafin wani ya yi tunanin ɗora ta kan mota.

Na'urorin iri biyu ne manya. Akwai sufacaja, wadda bel ke juyawa kai tsaye daga inji, ita ce Mercedes ke rubuta wa Kompressor a bayan C180 da C200 da suka cika titunanmu. Akwai kuma turbo, wanda hayaƙin da ke fita ta salansa ke juyawa, ƙirƙirar injiniyan Suwizalan Alfred Büchi a 1905. Mutane na haɗa su a baki ɗaya kamar abu guda ne, alhali halinsu a ƙasan allura ya sha bamban, kuma ita kanta sufacaja ba iri ɗaya ba ce.

Ta Roots, irin wadda kamfanin Eaton ke ƙerawa, tana da ƙarafa biyu masu haƙora da ke juyawa a cikin gida ɗaya. Kowane juyi suna kamfatar iska mudu guda su tura ciki, ko ana gudu ko ana tafiya a hankali. Saboda bel ne ya ɗaure ta da inji, idan inji ya ninka juyi ita ma ta ninka, don haka matsin iskar kusan ɗaya ne daga ƙasa har sama. Shi ya sa mai Kompressor lafiyayya ke jin motar ta amsa da zarar ya taɓa totur, ba jira. Aibinta shi ne tana ɗumama iska sosai, kuma ƙarfin da take juyawa da shi daga jikin injin take yanka. Ƙanwarta mai kama da sukurori biyu, wadda Alf Lysholm na Suwidin ya inganta a shekarun 1930, tana matse iskar tun a cikin cikinta, don haka zafinta bai kai na Roots ba, kuma ita ma tana bayarwa tun daga ƙasa. Irinta ce a kan Mercedes E55 AMG. Sai dai tsada.

Sufacaja ta uku ita ce ke ruɗin matasanmu masu son gyaran mota don gudu. Siffarta kamar rabin turbo ce, fanka ce mai jefa iska waje, amma bel ke juya ta. Matsin da take bayarwa yana tafiya ne da ninkin gudu a kan kansa. Idan an saita ta ta ba da bar 0.6 (bar ma'aunin matsin iska ne) a juyi 6,000, to a juyi 3,000 kashi ɗaya cikin huɗu za ta bayar, wato kusan 0.15. A juyi 2,000 kuwa, inda muke yini, kashi ɗaya cikin tara ne, abin da bai kai 0.07 ba. A takarda lambar ƙarfin dokinta za ta iya fin ta Roots kyau. A shataletale, da fasinja huɗu a ciki, kusan babu ita, sai dai nauyin juya ta da injin ke ɗauka. Wanda ya saye ta don tseren fili ya san abin da ya saya. Wanda ya saye ta don motarsa ta daina nauyin tashi, an sayar masa da maganin wata cutar daban.

Batun girma shi ne inda na fi son a tsaya, domin nan ne hankali ke yaudarar mutum. Lambobin da Eaton ke sa wa nata, M45, M62, M90, M112, suna nuna yawan iskar da na'urar ke kamfata a juyi ɗaya, da ma'aunin inci. M62 kusan lita ɗaya ke nan. Injin lita 1.8 kuwa, da yake kowane fistin sau ɗaya yake zuƙa a juyi biyu, lita 0.9 yake sha a kowane juyi. Idan aka ɗora masa na'urar lita ɗaya, aka zaɓi fuli, wato ƙaramar tayar da bel ke hawa, da zai juya ta sau ɗaya da rabi a kowane juyin inji, ana tura lita ɗaya da rabi a wurin da ke ɗaukar 0.9. Rarar nan ita ce matsin. Yanzu a ce an kawo wadda ta ninka ta girma. Injin ba zai iya shanye ninki biyu na iskar ba tare da ya fashe ba, dole a sa babban fuli a rage mata gudu. To a nan matsalar take. Tsakanin ƙarafan nan da gidansu akwai 'yar rata, dole ce, don kada su goga. Iska na zurarewa ta ratar ta koma baya, kuma zurarewar ba ta damu da gudun na'urar ba. Idan na'urar na juyawa da sauri, abin da ya zurare kaɗan ne cikin abin da aka tura. Idan babba ce tana jan jiki, rabon da ke zurarewa ya yi yawa. Sakamakon shi ne a ƙasan allura babbar takan ba da matsi ƙasa da na ƙaramar, ga ƙarin nauyi a kan bel. Ribarta sai can sama, inda ƙaramar ta fara gajiya tana dafa iska. Ƙarama ma tana da iyaka: idan aka matsa mata da ƙaramin fuli fiye da kima, zafi kawai za ta ƙara, ba ƙarfi ba. Injiniyoyin da suka ƙera motar sun zauna sun auna tsakiyar nan kafin su zaɓa.

A turbo abin ya fi tsanani. Ba bel ke juya shi ba, hayaƙi ne, kuma injin da ke juyi 1,200 hayaƙinsa kaɗan ne. Ƙaramin turbo mai matsattsiyar hanyar hayaƙi yakan farka da wannan kaɗan ɗin. Babba mai faɗin hanya da nauyin fanka sai hayaƙi ya yi yawa kafin ya motsa. Abu biyu ne ke faruwa: juyin da matsi ke farawa ya matsa sama, sannan ko an kai can, sai an ɗan jira fankar ta ɗauki gudu bayan an taka totur. A motar gas ana ganin wannan da ido. Direba ya taka, famfo ya zuba mai, iska ba ta iso ba, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe na baya. Hayaƙin nan man da aka saya da kuɗi ne yake fita bai ƙone ba.

Wani bakanike dattijo da nake kai wa aiki ya taɓa nuna wa wani mai a-kori-kura wannan a gabana, kuma ban ga darasin da ya fi shi shiga kai ba. Mutumin ya zo da turbo a buhu, ya sayo na wata babbar mota, yana so a ɗaura masa. Dattijon ya ajiye shi kan benci kusa da tsohon da aka kwance, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Alhaji, sa yatsa ka juya wannan." Ya juya ƙaramin, fankar ta wulwula nan take. "To juya naka." Sai da ya ɗan tura kafin ta tafi. Dattijon ya leƙa bakin da hayaƙi ke shiga, ya zura yatsu biyu a na ƙaramin, uku suka shige a na babban har da saura. Ya ce, "Alhaji, masara kake ɗaukowa daga Saminaka ko tsere za ka? Injinka ba shi da numfashin da zai cika wannan ramin sai ka kusa kashe shi." Mai motar ya ce, "Baba, ai an ce mini ya fi ƙarfi." Ya ce, "Ya fi ƙarfi a kan motar da aka yi shi dominta." Ya karanto masa lambar da ke kan farantin tsohon, ya rubuta a bayan kwalin filogi, ya ce ya koma ya nemo mai ita. Irin wannan bakaniken muna da su, amma ba su da yawa, kuma ƙi ɗaura abin da mai mota ya kawo yana nufin rasa kuɗin aikin ranar.

Su kansu masu ƙera motoci hanyar da suka bi ta isa hujja. A 2015 da Toyota ta fito da injin gas na 1GD mai lita 2.8, wanda ke cikin Hilux da Prado, ya maye gurbin 1KD mai lita 3.0. Injin ya ragu, kuma kamfanin ya bayyana cewa turbon ma ya rage girma da kusan kashi 30 cikin ɗari. Duk da haka ƙarfin murɗawa ya haura zuwa Nm 450, kuma ana samunsa tun daga juyi 1,600 zuwa 2,400. Turbon yana da 'yan fikafikai a ciki da ke matse hanyar hayaƙi a ƙasan allura su buɗe ta a sama, ya zama ƙarami lokacin da ake son ƙarami. Honda Accord ta 2013 zuwa 2017 mai injin lita 2.4 tana ba da kusan Nm 245, amma sai allura ta kai 3,900. Ta 2018 mai lita 1.5 da ƙaramin turbo tana ba da kusan Nm 260 tun daga 1,600. Ƙarfin dokinsu 185 da 192 ne, kusan ɗaya. Wanda ya tuƙa su biyun a cikin gari ya san bambancin ya fi abin da lambobin doki suka nuna nesa. Injin 1.6 THP na Peugeot 508 da 3008 ma haka aka tsara shi, turbo mai hanyar hayaƙi biyu don ya farka da wuri, Nm 240 tun wajen juyi 1,400.

Volkswagen ta taɓa haɗa duka biyun a inji ɗaya. Golf GT mai 1.4 TSI da ta fito a 2005 tana da sufacaja irin ta Roots da ke riƙe ƙasa, sannan turbo ya karɓa, a saki sufacajar gaba ɗaya a wajen juyi 3,500. Kamfani ba zai ɗauki wannan tsada da rikitarwa ba sai don ya san cewa ramin da turbo ke bari a ƙasa abu ne da direba ke ji a jikinsa. Daga baya da ƙananan turbo suka inganta, sai aka ajiye tsarin, kamar yadda Mercedes ta ajiye Kompressor ta koma turbo a ƙananan injunanta wajen 2009. Duk inda aka duba, ƙoƙarin shi ne a sauko da ƙarfi ƙasa. Mu kuma a nan muna biyan kuɗi a mayar da shi sama.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba wofi ba ne. Na farko, akwai mai bin dogon titi kullum, Kaduna zuwa Abuja ko Zariya zuwa Kano, wanda ke son ƙarfin wuce tirela. Amma ko shi, idan ya lura, yana tafiyar kilomita 100 a awa ne da allura a wajen 2,000 zuwa 2,500 a giyar ƙarshe, kuma daga nan yake taka totur idan zai wuce. Sakan ɗaya ko biyu na jiran babban turbo ya farka, a hannun da wata mota ke tahowa, ba ƙaramin abu ba ne. Manyan motocin ma, tirela da tanka da tifa, ƙarfinsu yana tsakanin juyi 1,000 da 1,500 ne ko kusa da haka, shi ya sa ake shafa wa wurin kore a agogonsu.

Na biyu, akwai masu cewa a rabu da turbo da sufacaja baki ɗaya, a nemi tsohuwar Camry ko Corolla ko Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda ba ruwansa da kowa. Ina girmama wannan ra'ayi. Garin da ya ga zamanin 504 tana fitowa daga masana'antar Kakuri tun 1975 ya san daɗin injin da kowane bakanike zai iya kwancewa a gindin bishiya. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ke neman motar da ba za ta riƙa kai shi gareji ba, har yau shawarar da zan ba shi ke nan. Sai dai zaɓin yana ƙarewa. Motocin da muke saya na hannu daga Turai da Amurka muke samunsu, kuma abin da suka ƙera shekaru goma da suka wuce shi ke iso mana yau. Accord ta bar V6 tun 2018. Land Cruiser 300 ta 2021 ta bar V8 ta koma V6 mai turbo biyu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mai saye da kansa yake neman ƙaramin inji. Ko muna so ko ba ma so, na'urorin nan sun zo zama.

Akwai kuma ɗaya gefen kuskuren, wato cire turbon gaba ɗaya idan ya lalace, a toshe bututun mai, a haɗa salansa kai tsaye. Ana yin haka don gudun tsadar sabo, kuma na fahimci halin da ke kai mutum can. Amma injin lita 1.5 da aka ba jikin mota mai nauyin tan ɗaya da rabi, da turbo aka yi lissafinsa. An cire shi, direba zai riƙa danne totur har ƙasa don a motsa, man da ake gudun kashewa ya tafi ta wata hanya. A injin gas kuwa famfon yana nan yana zuba man da aka auna wa iska mai yawa, sai hayaƙi da zafi.

Yanayinmu ma yana da ta cewa, kuma wanda ya ƙera na'urar ba lallai ya yi tunanin Kaduna a watan Maris ba. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi, ga ta tana jawo ƙwanƙwasar inji a motar fetur. Idan kwamfutar mota ta ji ƙwanƙwasa, sai ta ja lokacin tartsatsin filogi baya, ƙarfi ya ragu, musamman a ƙasa. Shi ya sa ƙaramin lagireton nan da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji yake da muhimmanci. Sau da yawa motar da aka ce turbonta ya yi ƙanƙanta, wannan ne ya toshe da laka da ƙwari, ko robar bututunsa ta tsage iska na gudu, ko ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi ta maƙale a buɗe. A Kompressor kuma bel ne ya saki yana zamewa, ko bawul ɗin da ke mayar da iska baya bai rufewa. Gyaran 'yan dubbai ne, amma sai a tafi a sayo na dubu ɗaruruwa saboda ba wanda ya sa agogon auna matsi ya duba. Ƙurar hunturu kuwa, idan filtar iska ta huje ko an cire ta an kakkaɓe an mayar har ta yage, tana cin bakin fankar da ke juyi sama da 100,000 a minti, kuma fankar da bakinta ya cinye a ƙasa take fara nuna rauni.

Tudu ma haka. Kaduna na kan kusan mita 600 daga teku, Jos kusan ninkin haka. Iska na raguwa yayin da ake hawa, kuma injin da ba shi da mataimaki yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. Turbo na iya cike giɓin ta ƙara gudu. Amma idan dama babba ne da ke farkawa a makare, a kan dutse makararsa ƙaruwa take yi, daidai wurin da mota mai kaya ke buƙatar ja daga ƙasa.

Wani hali na direbobinmu ya kamata a ambata, domin yana da haɗari ga sababbin injunan nan. Don tsimin mai, mutum zai sa giya ta huɗu ko ta biyar yana tafiyar hawainiya, inji na kakkarwa, ya danne totur. Tsohon inji yakan jure. Ƙaramin injin fetur mai turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda kuwa, a irin wannan yanayi na ƙaramin juyi da babban nauyi ne wuta kan kama da kanta kafin filogi ya ba da tartsatsi, kuma bugun da ke biyo baya yana iya fasa fistin. Matsalar sananniya ce, har ta sa aka fito da sabon mizanin baƙin mai, API SN Plus a 2018, sannan SP a 2020. Mai irin wannan mota da ke zuba kowane baƙin mai da aka auno masa a galan, ya sani yana wasa da injinsa. Samun ƙarfi a ƙasa ba izinin shaƙe inji ba ne, a sauke giya idan ya fara nishi. Kuma baƙin man nan shi ne ke riƙe da sandar turbon, don haka jinkirta juye shi turbon yake fara kashewa.

Abin da ya sa na ɗauki wannan a matsayin maganar jama'a, ba ta masu sha'awar mota kawai ba, shi ne yawan bakin da ke ci daga lafiyar injunan nan. Motar da ke ɗauko tumatir da masara zuwa kasuwa, bas ɗin da ke jigila daga tashar Kawo ko Mando, motar asibiti, duk suna komawa masu turbo. Idan kowace ta riƙa shan mai fiye da kima tana fitar da hayaƙi saboda an ɗaura mata abin da ba nata ba, kuɗin yana komawa kan fasinja da mai sayen kayan miya, hayaƙin kuma yana shiga ƙirjin mai talla da ɗan makaranta a bakin titi.

Kaduna ta fi kowane gari a Arewa dalilin gyara wannan. Nan ne hedikwatar hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE. Nan ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, maƙwabciyar Panteka. Nan aka yi shekaru ana haɗa motoci, kuma akwai tsofaffin ma'aikatan da ilimin ke kansu har yanzu. Ina kira ga waɗannan cibiyoyi da ƙungiyar makanikai ta NATA su shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa, da yamma ko ranar da gareji ke hutu, a kan na'urorin hura iska kaɗai. A koya wa yaro ya auna matsi da agogo kafin ya kwance komai, ya gwada bututu ko yana yoyo, ya karanta farantin lamba, ya san cewa turbo biyu na iya zama a mazauni ɗaya ƙusoshinsu su dace amma cikinsu ya bambanta. Kayan aikin ba masu tsada ba ne, agogon matsi da na'urar karanta kwamfutar mota sun isa a fara.

Masu sayar da kayan gyara su ma su daina cewa "zai shiga". Shiga daban, dacewa daban. A sayar da lamba, a rubuta ta a rasit, wanda aka ba abin da ba nasa ba ya samu damar mayarwa. Dillalan mota kuma, tun da sun iya haddace ƙarfin doki, su ƙara da Nm da juyin da ake samunsa, yana nan rubuce a littafin kowace mota.

Mai saye shi ma yana da gwajin da ba ya buƙatar bakanike. Kada ya yarda a kai shi titin da babu kowa a taka masa mota ta yi ƙara. Ya ɗauki mutum uku, ya kunna na'urar sanyi, ya nemi ɗan tudu kamar hawan gadar Kawo, ya bar allura ta sauko wajen 1,500, sannan ya taka a hankali zuwa rabi. Idan motar ta amsa nan take ba kakkarwa, na'urarta ta dace da ita kuma tana da lafiya. Idan ta yi shiru sai allura ta haura 3,000 sannan ta zabura, ko madubi ya nuna hayaƙi, ya sa a buɗe gaba a karanta masa lambar da ke jikin turbon, a gwada ta da wadda kamfani ya rubuta wa injin, kafin ya biya ko sisi.